Aikin ƙafar gaban Fijon Baba: littafin aiki na mako goma sha ɗaya

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na janye tamfol daga kan motar. Peugeot 504 ce, Fijo a bakin kowa, ƙirar 1984, haɗin Kakuri a nan Kaduna. Baba ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana hawanta kafin gwiwa ta hana shi taka kuloci, ya ba ni makulli bara. Inji lafiya lau, giya lafiya lau. Ƙafa ce ta gaji. Sifirin ɗin baya sun zauna, gaba kuwa yana nan a tsaye, don haka motar ta ɗaga hanci kamar mai hangen wani abu a nesa, kuma a kwana tana kwantawa gefe har fasinja ya riƙe ƙofa.

Na auna a kan simintin gareji, taya huɗu iska ɗaya, rabin tanki. Daga ƙasa zuwa gindin bodi a bayan tayar gaba milimita 235, a gaban tayar baya 205. Niyyata in sauke gaba da milimita 40, in sa koyiloba, wato sifirin siriri da ke zama kan zobe mai zare, wanda za ka murɗa sama ko ƙasa ka ƙara tsawo ko ka rage.

Na faɗa wa Baba bayan la'asar. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yaro, wannan motar tsawonta ne darajarta. Da shi ta ci tseren Safari a Kenya." Gaskiyarsa, 504 ta ci Safari a 1975, shekarar da aka buɗe masana'antar Fijo a Kaduna. Na ce, "Baba, ba daji zan shiga da ita ba, kuma ba zan kwantar da ita ƙasa ba." Ya ce in yi, amma kada in jefar da ko noti ɗaya na asali. Na nemo kwali na rubuta "kayan asali" a jiki.

Laraba, 15 ga Janairu

Na kai ta sikelin manyan motoci na hau da tayun gaba kaɗai: kilo 640. Kowace ƙafa 320 ke nan. In aka cire nauyin taya da birki da abin da ke ƙasan sifirin, kamar kilo 40, sifirin ɗaya na ɗauke da 280. Sikelin ba na ƙananan kaya ba ne, amma ya isa lissafi. ₦2,000.

Asabar, 18 ga Janairu

Mun kwance ƙafar gaba duka biyu ni da maigidan garejin unguwarmu, dattijo ne da ya yi zamani da Fijo, ya san kowane noti nata da ka. Kafin mu ɗaga mota na ɗaura siririn zaren roba a sandar shokozoba daidai bakin gidanta, don in san inda take zama idan nauyi na kanta. Wannan ɗan abin shi ya canja mini aikin gaba ɗaya.

Ƙafar gaban 504 abu ɗaya ce dunƙule: bututun ƙarfe mai ɗauke da shokozoba a ciki, faranti a jikinsa da sifirin ke zama, can ƙasa kuma sandar da taya ke juyawa a kanta. Bututun da sandar tayar ba sa rabuwa. Ba irin motocin yanzu ba ne da za ka kwance noti biyu ka zare ƙafa ka sa sabuwa. In za ka canja wani abu, sai dai ka yanka wannan ɗin.

Da na auna, daga inda zaren robar nan ya tsaya, wato bakin bututu in nauyi na kai, zuwa sama akwai milimita 95 na sanda a waje. Wannan ita ce tafiyar da taya ke da ita in ta hau tudu. A cikin 95 ɗin, robar tsayawa, wato robar da ke kan sanda don tare bututu kafin ƙarfe ya doki ƙarfe, ta ci 45. To in na yanke faranti kawai, na sa zobe, na murɗa ƙasa da 40 kamar yadda na shirya, saura 55, roba ta ci 45, saura milimita 10. Kaurin ɗan yatsa bai kai ba. Motar za ta riƙa tafiya a kan roba ne, kowane rami ya doki bodi kai tsaye, kuma shokozoba ba za ta yi wata uku ba. Yanzu na gane dalilin da ya sa motocin samarin da ake yanke wa sifirin suke tsalle-tsalle a titi kamar akuya.

Maganin shi ne abin da aka rage a tsawon mota a cire shi daga jikin bututun. A yanke 40 daga tsakiyarsa, a sake haɗawa, a nemo shokozoba mai gajeren jiki ta zauna a ciki. Bakin bututu ya sauka da 40, bodi ya sauka da 40, tafiyar 95 tana nan ba a taɓa ta ba.

Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, aikin ya tashi daga na sifana ya koma na mai walda." Haka ne.

Abu ɗaya da ya tayar mini da hankali: wajen cire sifirin na hagu, ƙugiyar matsewa ɗaya ta zame, sifirin ya karkace ya tsaya a kan ɗayar. Muka ja baya, muka zagaya shi da sarƙa kafin mu ci gaba. Sifirin ɗin Fijo dogo ne, ƙarfin da ke cikinsa in an matse zai iya karya hannu. Na dama da sarƙa muka fara.

Asabar, 25 ga Janairu

Wuni guda a kasuwar kayan mota da ma'aunin kauri a aljihu. Ba sunan mota nake tambaya ba, lambobi nake nema: kaurin jiki da zai shige bututu ba tare da lilo ba, jiki gajere da aƙalla 40, da doguwar tafiya gwargwadon hali. Masu shago da yawa sun gaji da ni. Wani ya ce, "Alhaji, ka faɗi motar mana." Na ce motar da nake nema wa ba a yi mata irinsa ba.

Wajen ƙarfe uku na samu, ta wata ƙaramar mota ce mai gas a ciki. Jikinta ya gaza na asali da 45, tafiyarta 155. Sandarta ta fi ta Fijo siranta a wuya, sai an yi mata ɗan hannun riga kafin ta zauna a mazaunin sama. Biyu ₦70,000. Na haɗa da boljoyin (mahaɗar gindin ƙafa), tayarod (sandar da ke haɗa sitiyari da taya) da bushin na ƙasa, ₦48,000, tunda an riga an buɗe wurin.

Damuwata ɗaya: motar da aka yi wa wannan shokozobar ta fi Fijo sauƙin nauyi a gaba. Sai an hau titi za a sani.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Ba aiki. Ina jiran saƙo. Na wanke bututun biyu da kananzir, na zubar da tsohon man da ke ciki, baƙi ƙirin mai wari.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Kaya sun iso: hannun riga mai zare guda biyu na alminiyom da za a zura a wajen bututun, zobban murɗawa, zobban ƙarfe na walda, da sifirin biyu masu faɗin inci 2.5 a ciki, tsawo inci 10, ƙarfi fam 300 a kowane inci. A lissafinmu kilo 5.4 ke nan kafin ya matsu da milimita ɗaya. Da kuɗin kawowa ₦185,000. Dala ta haura ₦1,500, kowane ƙaramin abu daga waje sai ka ji shi a jiki.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ranar asara.

Na kai bututun biyu wurin wani mai walda da aka yaba mini. Na yi masa bayani dalla-dalla: a sare faranti, a goge wurin, a yanke 40 daga daidai inda farantin yake, a bar bakin sama mai zare yadda yake domin nan babban noti ke kama shokozoba. Na zana layi biyu da takarda da na naɗe a jikin bututu don su fita a miƙe. Ya ce ya gane.

Yankan farko da giranda ya yi shi a hannu, bututu a ƙasa ya taka da ƙafa. Na ga layin ya ɗan kauce amma na yi shiru, ina ganin walda za ta cike. Nan ne kuskurena. Ya haɗa gutsayen biyu, ya ɗiga wuta wuri ɗaya, sannan ya zagaye gaba ɗaya a tafiya guda ba tsayawa, ƙarfe ya yi ja wur. Kafin in yi magana ya tsoma shi a bokitin ruwa.

Da ya huce na zura shokozoba. Ta shiga rabi ta cije. Na haska fitilar waya ciki, ga narkakken ƙarfe ya ɓullo ta ciki kamar tsiron ƙaya. Muka sa zarto mai zagaye muka goge, ta ƙara shiga kaɗan ta sake tsayawa. Na ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a jikin bututun: a bakin sama akwai tazarar kusan milimita 3. Ya lanƙwashe. Zafi ya ja shi ɓangaren da aka fara walda.

Ya ce a ba shi guduma ya miƙar. Na ƙi. Ko ya miƙe a ido, wannan bututun shi ke riƙe da taya a tsaye, shi ke shan duk ƙarfin birki da na kwana. Ƙarfen da aka gasa ya yi ja aka tsoma a ruwa, aka kuma bi shi da guduma, ba zan ɗora iyalina a kansa ba. Kuma karkatar 3 a sama tana nufin taya ɗaya za ta tsaya daban da 'yar uwarta har abada, babu mai alaimen, wato mai saita tsayuwar tayu, da zai iya gyarawa.

Na biya shi ₦10,000 na ɗauki kayana. Na dama ban bari ya taɓa ba. Abin da ya fi ci mini rai, ƙafar hagun nan ta asali ce, tun daga Kakuri take jikin motar. Da daddare na kai wa Baba ita na nuna masa. Ya juya ta a hannu ya daɗe yana kallo, ya ce, "Sa ta a kwalin." Bai ƙara komai ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa. Alherin Fijo a garin nan shi ne ba ta rasa dangi. An yi ta haɗa 504 a Kaduna shekaru da yawa bayan Faransa ta daina, don haka gawarta na nan a wurin 'yan gwangwan. Na duba ƙafar hagu huɗu. Biyu sandar tayarsu ta ci, ɗaya zaren bakinta ya lalace. Ta huɗu na ɗora mata ƙarfe miƙaƙƙe ta ko'ina, na gwada babban notina a bakinta ya shiga sumul. Na jera ta da ta dama, tsawo ɗaya, hannun sitiyari iri ɗaya. ₦35,000 bayan doguwar ciniki.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Wannan karon maigidan garejinmu ya raka ni wurin wani tsoho mai injin sassaƙar ƙarfe, maƙwabcinsa kuma mai walda ne da ke aikin bututun tankoki. Bambancin aiki tun daga yanka ya bayyana. A kan inji aka yanke, bakin ya fita daidai, aka fere gefen kowanne ya yi gangare don wuta ta samu wurin shiga. Tsohon ya sassaƙa sandar ƙarfe mai kaurin cikin bututu daidai, aka zura ta ta riƙe gutsayen biyu a layi ɗaya, aka kwantar da su cikin ƙarfe mai kusurwa aka ɗaure.

Na tambaya ko a sa shokozobar kanta a ciki a maimakon sandar. Mai walda ya ɗago ya ce, "Ɗana, mai gas ce. Wuta ta taɓa ta, sai dai a kwashe mu." Na mayar da ita mota.

Ya ɗiga wuta wuri huɗu, gaba da baya, hagu da dama. Sannan ya riƙa yin ɗan taƙi, ya juya ɗaya gefen ya yi ɗan taƙi, ya ajiye ya sha shayi. Bututu ɗaya ya ci kusan awa guda, kuma iska ce ta hutar da shi, ba ruwa ba. Aka zare sandar da ɗan bugu, aka goge waldar ta waje har hannun riga ya wuce ta kanta. Shokozoba ta zame ciki da nauyinta har ƙasa.

Zoben da hannun riga zai zauna a kai mun sa shi ƙasa da layin walda da milimita 30, don mahaɗar ta ɓuya a cikin hannun riga. Kunnen da ke riƙe tiyon birki ya tafi da abin da aka sare a ƙafa ɗaya, muka yi sabo muka manna. Walda ₦20,000.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Fenti. Jan share fage, baƙi sau biyu. Ƙurar hunturu ta sa na rataye su a cikin ɗaki. ₦6,000.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na karɓo sauran kaya daga wurin tsohon: hular sama guda biyu da siririn sifirin zai zauna a ciki, 'yan hannun riga na wuyan sanda, da tsabar ƙarfe mai kaurin 5 da za ta zauna a gindin bututu ta cike gibin da ke tsakanin 45 da 40. ₦25,000. Mazaunin sama na Peugeot na bar shi yadda yake da robarsa da boris ɗinsa. Akwai masu sa na ƙarfe zalla, amma a titunanmu wannan robar ce ke hana haƙora karo.

Mun haɗa, mun ɗaura. Tiyon birki na dama ya tsattsage a jiki, na canja duka biyu, ₦14,000, muka fitar da iska. Notocin bushin na ƙasa ba mu ƙulle su ba sai da mota ta sauka kan tayunta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Na tura motar gaba da baya, na murɗa zobba har gindin bodi ya zo 195 hagu da dama. Magariba ta yi, ban fita da ita ba. Na dai tsaya a bakin gareji ina kallonta har aka tada salla.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

Alaimen da safe, ₦8,000, sannan gwaji.

A kwalta mai kyau motar ta zama wata daban. Kwanciyar nan ta kwana ta tafi, in ka taka birki hanci ba ya nutsewa. Da na shiga layin unguwa sai murna ta koma ciki. Ta yi tauri ƙwarai. Kowane tsakuwa sai na ji shi a kujera, gaban yana ƙara tsalle ɗaya bayan an wuce tudu, alamar sifirin ya fi ƙarfin shokozoba. Ga kuma ƙara iri biyu: wani "ƙwal" a duk lokacin da taya ta faɗa rami, da wani "ƙwas-ƙwas" ƙarami daga hagu wanda ba ya tsayawa.

Na farkon na gano shi da na ɗaga mota a jak. Sifirin yana lilo, ina juya shi da yatsa biyu. Lissafin a fili yake, ni ne ban yi shi ba kafin in yi oda. Kilo 280 a kan sifirin mai 5.4 yana matse shi da milimita 52 kacal. Shokozoba kuwa tana da 60 na saukowa, tunda 95 daga cikin 155 na sama ne. Taya in ta sauka gaba ɗaya, sifirin ya gama miƙewa saura 8, ya saki mazauninsa, in ta dawo ya faɗa da ƙarfi. Wata rana zai faɗa a karkace.

Ana iya ƙara ɗan sifirin mai laushi a sama ya riƙe shi, amma wannan ba zai rage taurin ba. Mai fam 200, wato kilo 3.6, zai matsu da 78, ya fi 60, don haka ko taya na rataye yana nan a matse da 18. Tsuntsu biyu ke nan. Sai dai mai laushi yana bukatar tsawo don kada zobbansa su haɗe kafin shokozoba ta kai ƙarshe: 78 da 95 sun kai 173, mai inci 10 ba zai ba da wannan ba. Na yi odar mai inci 12. ₦95,000. Na fam 300 ɗin na nan, in an samu mai so.

Asabar, 1 ga Maris

Ɗaya ga azumi. Aiki ya koma na safe kawai.

Na bi ƙaramin ƙaran na hagu. Boljoyin sabo, tayarod sabo, bushin ɗin sandar da ke hana kwanciya lafiya. Na cire ƙafar, na kama sanda na ja sama na tura ƙasa, sai na ji jikin shokozoba na motsi a cikin bututu. Babban noti ya ƙulle har ƙarshen zarensa amma bai kai ga danne ta ba. Ƙafar Panteka gindinta na ciki ya fi na asali zurfi da kusan milimita 2, ni kuma tsaba iri ɗaya na sa wa duka biyu ban auna kowacce daban ba. Na sa wasa mai kaurin 3 a ƙarƙashin tsabar. Yanzu noti ya ƙulle da saura zare ɗaya da rabi a waje, yadda ya kamata, ƙarfinsa a kan shokozoba yake. Na zuba ɗan mai cokali biyu tsakanin jikinta da bututu don zafi ya riƙa fita.

Asabar, 8 ga Maris

Jira. Motar na kan ƙafafun ƙarfe.

Asabar, 15 ga Maris

Sababbin sifirin sun iso ranar Alhamis, yau muka ɗaura. Tsawon da suka ƙara ya sa zoben murɗawa ya sauko ƙasa sosai, ya zo daidai kafaɗar taya. A da yana sama da ita. Na zura yatsa bai shiga ba, na auna da ƙarfen awo: milimita 4 tsakanin zobe da roba. Na shafa alli a gefen taya na zagaya unguwa a hankali, na dawo na tarar da alli a jikin zobe na dama. Taya tana lanƙwasa a kwana, 4 ba ta isa ba.

Da wata mota ce sai a canja rim mai fitowa waje. Amma ramukan rim ɗin 504 huɗu ne a kan da'irar milimita 140, ba kowace mota ke da irinsa ba, kuma ina son rim ɗinta na ƙarfe da kwanonsu na asali. Tayun da ke kai 185 ne, asalinta 175. Komawa 175 zai ba ni 5, amma tayun nan ba su yi wata shida ba.

Taushin tafiya kuwa, alhamdu lillahi. Ko a ɗan zagayen nan na ji Fijo ta dawo Fijo, tsallen nan na biyu ya ɓace.

Alhamis, 20 ga Maris

Tsohon ya sassaƙa mini faifai biyu masu kaurin 6 da za su zauna tsakanin rim da mazauninsa, ramin tsakiya daidai wuyan, ba lilo. ₦12,000. Abin da na fi dubawa shi ne zaren da ya rage wa notocin taya. Na ƙirga juyi, kowanne ya yi takwas da ɗoriya kafin ya ƙulle. Da ya gaza haka da na fasa, na sayi 175. Tazara yanzu 10. Alli bai taɓa ba, kuma taya ba ta goga bakin madigadi ko an karya sitiyari har ƙarshe.

Asabar, 22 ga Maris

Na fita babbar hanya da sassafe. A gudun 90, inda kwalta ke da ɗan kwari mai faɗi, in gaba ya nutse sai motar ta ɗan ja gefe da kanta, sitiyari na hannuna ban motsa ba. Ba mai yawa ba ne, amma a da ba ta yi.

Muka shiga rami ni da maigida muka duba daga ƙasa. Hannun ƙasa, wanda a da yake gangarowa daga bodi zuwa taya, yanzu ya wuce miƙe, bakinsa na waje ya ɗan ɗaga sama. Tayarod ma haka, kuma kusurwarsu ba ɗaya ba ce. To in ƙafa ta nutse, kowanne na zana tasa da'irar, bambancin sai ya ja bakin taya ciki ko waje. Mun gwada: muka ja zare a gefen tayun, mutum biyu suka hau bamba, bakin tayun ya buɗe da kusan milimita 4.

Akwai masu sa ƙarfe tsakanin boljoyin da gindin ƙafa su mayar da hannun inda yake. A ƙafar Fijo wannan babban aiki ne, kuma a wurin da ba na son a taɓa da wuta. Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, ka mayar mata da goma mana." Na murɗa zobba sama har gindin bodi ya zo 205. Hannun ƙasa ya dawo miƙe da ɗan gangare kaɗan. Aka sake hawa bamba, motsin bai kai 2 ba. Alaimen karo na biyu, ₦8,000. Na koma wannan kwarin sau uku, ta wuce a miƙe.

Saukewar ta tsaya a 30 ke nan. Tafiyar sama ta zama 105, ta ƙasa 50, sifirin a matse da 28 in taya na rataye. Kuma 205 ɗin shi ne daidai tsawon baya, motar ta kwanta a layi ɗaya daga hanci zuwa wutsiya. Na ƙulle zobba na biyu, na shafa giris a zaren da ya rage a waje, na naɗe shi da tsohuwar robar tayar keke saboda ƙura da ruwan damina. Alminiyom da ƙasa in sun haɗu a zare, bayan shekara ko da guduma ba ya juyawa.

Jimlar kuɗi zuwa yau ₦538,000. A ciki, ₦45,000 na bututun da ya lalace ne da waldarsa, ga kuma sifirin biyu da ke ajiye.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi salla. Yau na ɗauki Baba zuwa Zariya gaida ƙanwarsa, kusan kilomita 80. Na miƙa masa gaba, yara uku a baya. Bai ce komai ba har muka fita gari. A tudun rage gudu na farko na ga ya kama hannun ƙofa yana jiran ƙarar salansa ko kwanon baƙin mai. Ba abin da ya taɓa. A na uku ya saki hannun. Can wajen Jaji ya ce, "Ƙara wuta kaɗan in ji." Na ƙara. Ya ɗora tafinsa a kan dashbod ya bar shi nan, sannan ya ce bayan ne yanzu ke lilo, gaban ya fi ƙarfinsa. Ni ma na ji haka, musamman da yara a baya.

Da muka dawo na ɗaga ta na duba. Zaren robar da na ɗaura a sanda ya hau 82 a hagu, 79 a dama, ya taɓa robar tsayawa amma bai matse ta duka ba. Walda ba tsaga, fenti bai fashe a kan layin ba, manyan notoci na nan a ƙulle, tiyon birki ba ya goga komai. Notocin taya na dama biyu sun ɗan karɓi sifana, zan sake duba su bayan kilomita 200.

Abin da ke gaba: baya. Aksul guda ne, sifirin daban shokozoba daban, don haka ba yanka ba walda. Zan nemi sababbin sifirin da za su tsaya a 205 da ƙarfinsu, ba don gajiya ba, da shokozoba biyu da bushin. Kafin nan sai na koma sikeli da tayun baya, kuma wannan karon lissafi zai riga oda. Na ware ₦150,000, aiki bayan albashin Afrilu. Baba ya ce ranar da za a kwance bayan a zo a ɗauke shi, akwai wani noti a can da shi kaɗai ya san yadda ake lallaɓa shi.